Ra'ayinmu: Idan mai masaukin shafinka ya sauya makulli, wa ke riƙe da sunanka?

A ranar 15 ga Yuni, 2023, kamfanin Squarespace na Amurka, wanda ke gina shafukan intanet yana kuma ba su masauki, ya sanar da cewa zai sayi sashen Google da ke yi wa sunayen shafuka rajista, wato Google Domains. Cinikin ya shafi sunaye kusan miliyan 10, kuma rahotanni sun ce kuɗin ya kai kimanin dala miliyan 180. An kammala shi a watan Satumban shekarar, sannan aka shiga kwashe sunayen rukuni-rukuni zuwa sabon gida.

Masu sunayen ba su cikin waɗanda suka zauna a teburin ciniki. Sanarwa kawai suka samu cewa daga yanzu ga inda za su riƙa shiga idan suna son gyara bayanan shafinsu. Wanda bai gamsu ba yana da damar kwashe kayansa zuwa wani kamfani, amma a irin wannan yanayi yawancin mutane sukan bar abin yadda aka tsara, tunda shafi yana buɗewa kuma imel yana shigowa.

Shekara guda bayan haka, tsakanin 9 zuwa 12 ga Yuli, 2024, masu kutse suka ƙwace ikon sunayen wasu daga cikin shafukan da aka kwashe. Akasarinsu na kamfanonin hada-hadar kuɗin kirifto ne, irin su Compound Finance da Celer Network da Pendle Finance da Unstoppable Domains. Mutumin da ya rubuta adireshin Compound daidai, harafi bayan harafi, sai ya tsinci kansa a shafin bogi da aka shirya don yashe masa asusu.

Wannan jarida tana ganin darasin abin da ya faru ya wuce duniyar kirifto. Duk lokacin da kamfanin masauki ya sauya yadda yake tafiyar da sunayen shafukan abokan cinikinsa, makullin dukiyar mutane ne ke sauya hannu. Nauyin tabbatar da cewa makullin ya isa hannun mai shi yana wuyan kamfanin da ya yanke shawarar sauyin, kuma bai dace a sallami mutane da saƙon imel guda ɗaya a ce an sauke nauyi ba.

Mene ne abin da ake sauyawa?

Duba wayarka. Idan za ka kira mahaifinka, sunan da ka adana kake dannawa, wayar ce ke nemo lambar. Haka intanet ke aiki. Kwamfutoci lambobi suka sani, mutane kuma sunaye suke iya riƙewa. Tsarin da ke haɗa suna da lamba shi masana ke kira DNS, kuma wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ne ya tsara shi a 1983. Kafin nan, jerin sunaye guda ɗaya ake ajiyewa a wata cibiyar bincike a jihar California, kowa ya riƙa kwafa, har yawan kwamfutoci ya fi ƙarfin wannan dabarar.

To ka ɗauka wani ya ɗauki wayarka a ɓoye, ya bar sunan Baba yadda yake, ya sauya lambar da ke ƙarƙashinsa. Za ka danna Baba, ɓarawo ya amsa. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan aka ƙwace ikon sunan shafi. Ba sai an fasa kwamfutar da shafin ke zaune a ciki ba. Ana juya akalar masu zuwa ne tun daga bakin hanya.

Kowane sunan shafi yana da ɗan kundi mai layuka. Akwai layin da ke nuna inda shafin yake. Akwai layin da ke nuna inda za a kai saƙonnin imel. Akwai layukan da ke shaida wa duniya cewa saƙon da ya fito da sunan kamfanin kaza na gaskiya ne. Akwai kuma layin da ke faɗin wace kwamfuta ce ke da hurumin amsa tambaya a kan sunan baki ɗaya. Wanda ya samu ikon taɓa wannan kundi zai iya karkatar da imel ɗin kamfani zuwa wajensa, ya yi amfani da shi ya sake kalmar sirrin wasu asusun. Zai ma iya samo takardar shaidar tsaro ta halas, ta yadda alamar ɗan kwado da muka saba dogara da ita za ta bayyana a shafinsa na bogi.

Saboda sauƙi, mutane da yawa a wuri ɗaya suke sayen komai: rajistar suna, kula da kundin, da masaukin shafin. Shi ya sa sauyi a kamfanin masauki yake taɓa komai a lokaci guda.

Inda aka samu ɓaraka

Masu binciken tsaro da suka bi diddigin lamarin Squarespace sun ce matsalar daga ƙaurar ta samo asali. A cewarsu, an riga an ɗaura kowane suna a kan adireshin imel ɗin da ke tare da shi tun daga Google, ana jiran mai shi ya zo ya buɗe sabon asusu. Sun ce idan wani ya riga mai shi zuwa, ya buɗe asusu da wannan adireshin, tsarin bai tsananta wajen tabbatar da cewa imel ɗin nasa ne ba. Sun kuma koka cewa makulli na biyu da mutane suka saba da shi a Google, wato lambar da ake nema bayan kalmar sirri, bai bi su zuwa sabon gidan kai tsaye ba.

Kamfanin Squarespace ya ba da nasa bayanin. Ya ce raunin yana wajen shiga asusu ta hanyar amfani da asusun wani kamfani daban, ya ce ya toshe shi, kuma ya musanta cewa ƙaurar ta taɓa tsarin makulli na biyu.

Ko wane bayani mutum ya ɗauka, sakamakon ɗaya ne. Mutanen da ba su nemi ƙaura ba, ba su yi sakaci da kalmar sirrinsu ba, sun wayi gari sunansu yana hannun wani. Waɗannan kuwa kamfanoni ne masu ƙwararrun ma'aikatan tsaro, waɗanda suka gano matsalar cikin sa'o'i suka gargaɗi jama'a. Ƙaramar makaranta ko asibiti mai zaman kansa da ba shi da ma'aikacin kwamfuta ko ɗaya zai iya shafe makonni bai san ana karɓar saƙonninsa a wani wuri ba.

Wani abin lura kuma, a cikin 2024 ɗin, shi kansa Squarespace ya sauya hannu, inda kamfanin zuba jari na Permira ya saye shi a kan kuɗi kusan dala biliyan 7. Wanda ya yi rajistar sunansa da Google saboda ya amince da Google, cikin shekara biyu ya koma ƙarƙashin masu gida na uku ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba.

Manya ma suna tuntuɓe a nan

Kada a ɗauka sai an samu ɓarawo kafin taɓa tsarin sunaye ya zama masifa. Masu karatu za su tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i shida. Masu sayar da atamfa da turare da abinci ta WhatsApp sun ji a jikinsu. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umarni ne da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ya katse hanyoyin cikin gidansa, kwamfutocin da ke amsa tambayar suna suka janye kansu daga intanet. Bayanan mutane suna nan, kwamfutoci suna kunne, amma babu mai nuna hanya.

A ranar 20 ga Oktoba, 2025, irin haka ta samu Amazon Web Services, kamfanin da ya fi kowa girma wajen ba manhajoji masauki. Wata tangarɗa a na'urar da ke sabunta bayanan DNS da kanta ta bar wani muhimmin layi wayam a cibiyarsa ta arewacin jihar Virginia. Manhajoji da yawa, ciki har da Snapchat, suka tsaya cik na sa'o'i.

Idan kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi suna faɗuwa a wannan rami, ƙaramin kamfanin masauki da ke shirin sauya tsarinsa a daren Asabar ya kamata ya taka a hankali.

Kuma ɓarnar da ta fi yawa ba ta shiga labarai. Yayin kwashe kundi daga tsohon tsari zuwa sabo, layi ɗaya kan iya zubewa. Idan na imel ne, shafi zai ci gaba da buɗewa lafiya, amma saƙon abokin ciniki ko na banki ko takardar gayyatar kwangila ba za su iso ba. Idan layin shaida ne, saƙonnin da kamfani ke aikawa za su riƙa faɗawa kwandon shara. Idan sunan yana da hatimin tsaro da ake kira DNSSEC, aka sauya kwamfutocin ba a daidaita hatimin ba, shafin zai ɓace wa ɗimbin masu ziyara, wasu kuma su riƙa ganinsa, har mai shi ya rasa gane abin da ke faruwa.

Uzurin kamfanoni

Kamfanonin masauki suna da hujjarsu, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Tsohon tsari yana tsufa. Barinsa yadda yake shi ma haɗari ne. Kamfani yana da 'yancin sayar da sashen da ba ya kawo masa riba. Sannan gaskiya ne cewa abokan ciniki da yawa ba sa karanta saƙon da aka aika musu, wasu ma da adireshin da suka daina buɗewa tun tuni suka yi rajista.

Sai dai wannan hujja ta ƙarshe a kan kamfanin take komawa. Wanda ya san mutanensa ba sa karanta saƙo, bai kamata ya gina tsaron ƙaura a kan zaton cewa za su karanta ba. Mai gidan haya da zai sauya ƙofar gida ba ya barin makullan a bakin titi da sunan kowane ɗan haya a jiki, ya ce ai ya liƙa sanarwa a bango. Shi ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi hanyar, shi ke cin ribar sauyin. Ɗan haya bai zaɓi komai ba.

Ba da isasshen lokaci abu ne mai yiwuwa. Kamfanin Oracle ya sayi Dyn, ɗaya daga cikin sanannun masu hidimar DNS, a 2016. A 2019 ya sanar da cewa zai rufe hidimar, amma ya yi ta ɗaga wa'adin har zuwa 2023. Abokan cinikin ba su ji daɗin rufewar ba, amma sun samu shekaru na shiri.

Abin da ya kamata kamfani ya yi

A ganinmu, akwai abubuwan da duk kamfanin masauki ya kamata ya ɗauka a matsayin wajibi kafin ya taɓa sunayen mutane.

Na farko, sanarwa da wuri kuma ta hanyoyi da dama: imel, saƙon waya, da rubutu a fuskar asusu. A rubuta ta da harshen da mai shago zai fahimta. A faɗi rana, a faɗi abin da zai sauya, a faɗi abin da ake so mutum ya yi.

Na biyu, a kulle kowane suna yayin ƙaura. Kada a bari a sauya ko layi ɗaya har sai mai shi ya tabbatar da kansa ta hanyar da aka san shi da ita tun a tsohon tsari. Idan yana da makulli na biyu a da, kada ya iso sabon gida babu shi.

Na uku, a ba kowa kwafin kundinsa kafin a fara, sannan kamfanin ya gwada tsohon da sabon layi bayan layi.

Na huɗu, duk sauyin da aka yi a kundi a aika wa mai shi saƙo nan take, kuma a ajiye tarihin wanda ya yi da lokacin da ya yi. Bankuna suna yin haka a kan naira ɗari biyar. Sunan da kasuwancin mutum ya dogara a kai ya fi wannan daraja.

Na biyar, a bar tsohon tsari a kunne na wani lokaci. Bayanan DNS ba sa sabuntuwa a duniya lokaci guda, domin kwamfutocin kamfanonin sadarwa suna riƙe tsohuwar amsa har wa'adin da aka ɗibar mata ya cika. Ƙwararru sukan rage wannan wa'adi kwanaki kafin ƙaura domin idan an yi kuskure a gyara cikin mintuna.

Na ƙarshe, ƙofar fita ta kasance a buɗe. Wanda ba ya son sabon tsari a ba shi lambar canja sheƙa ba tare da yawo da hankali ba. A dokokin hukumar ICANN, wadda ke sa ido a kan sunaye irin su .com da .org, dole kamfanin rajista ya ba mai suna wannan lamba cikin kwana biyar da nemanta.

Gemun maƙwabci ya kama wuta

Abin ya faru a Amurka, amma tsarin ɗaya ne a ko'ina. A Najeriya, ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma ita ke ba kamfanonin rajista izinin sayar da su. Kamfanonin masaukinmu su ma suna sauya manhajar gudanarwa, suna haɗewa da wasu, suna ƙaura daga wata cibiyar ajiya zuwa wata. Da yawansu dillalai ne na manyan kamfanonin waje, don haka shawarar da aka yanke a wata ƙasa tana iya sauka a kan shafin wata makaranta a Zariya.

Muna kira ga NiRA da ta sa ƙa'idojin ƙaura a fili cikin sharuɗɗan da take gindaya wa kamfanonin da ta amince da su: mafi ƙarancin wa'adin sanarwa, tilasta makulli na biyu, da sanar da mai suna duk sauyin da aka yi. Hukumar NITDA, wadda sunayen gwamnati masu .gov.ng ke ƙarƙashin kulawarta, ta tabbatar kowace ma'aikata ta san wanda ke riƙe da ikon sunanta. Shafin hukuma da aka karkatar a lokacin ɗaukar ma'aikata ko rajistar jarrabawa tarko ne da zai kama dubban matasa masu neman abin yi.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ke ninka haɗarin. Mai kasuwanci ya kira yaro mai ilimin kwamfuta ya gina masa shafi, yaron ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Shekaru su wuce, yaron ya samu aiki a wani gari ko a samu saɓani. Duk sanarwar da kamfanin masauki zai aiko, wajensa za ta je. A idon kamfanin, shi ne mai sunan. Wannan daidai yake da ka sayi fili ka gina gida, takarda kuma tana ɗauke da sunan magini.

Abin da mai shafi zai yi a wannan makon

Kafin kamfanoni da hukumomi su gyara nasu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bincika da sunan wa aka yi rajistar shafinka. Idan ba sunanka ko na kamfaninka ba ne, zauna da wanda ya yi maka aikin a mayar da shi cikin mutunci, tun kuna shiri.

Tabbatar imel ɗin da ke kan asusun wanda kake buɗewa ne kullum. Zai fi kyau ya kasance ba a ƙarƙashin sunan shafin yake ba, domin idan sunan ya samu matsala kada hanyar ceto ta tafi tare da shi.

Kunna makulli na biyu, kuma ka duba jerin mutanen da ke da izinin shiga asusun. Cire tsofaffin ma'aikata.

Ɗauki hoton kundin bayananka, ko ka sa a sauke maka kwafinsa, ka adana. Ranar da wani layi ya ɓace, wannan hoton zai rage maka wahalar kwanaki.

Rubuta ranar ƙarewar rajistar a inda za ka gani. Sunan da aka bari ya mutu, wani na iya saye, kuma dawo da shi yana da tsada idan ma ya yiwu.

Idan sanarwar sauyi ta iso, kada ka danna mahaɗin da ke cikin saƙon, domin 'yan damfara suna son irin wannan lokaci. Rubuta adireshin kamfanin da hannunka, ka shiga, ka kammala abin da ake buƙata a ranar. Bayan ƙaura, buɗe shafinka ta layukan sadarwa daban-daban, ka aika wa kanka saƙo daga wani adireshi, ka tabbatar ya iso.

Kuɗin rajistar suna a shekara bai kai kuɗin hayar ƙaramin shago na wata guda a manyan kasuwanninmu ba, shi ya sa ake raina shi. Amma a kansa aka buga katin kasuwanci, aka rubuta allon shago, aka ba banki da abokan hulɗa. Amana ce aka damƙa wa kamfanin masauki. Kamfanin da zai sauya wurin ajiyarta ya sanar da mai ita da kyau, ya kulle ta a hanya, ya kuma miƙa ta hannu da hannu. Wanda ya kasa yin haka, abokan cinikinsa su nemi lambar canja sheƙa su kwashe sunayensu zuwa inda za a kula da su.